Fulat a Singafo, gida mai tsakar gida a Perth: lissafin da farashi kaɗai ba ya warwarewa

Ƙarfe 11 na dare a wata unguwar Singafo irin su Tampines ko Woodlands, yara sun yi barci, kayan wanki na rataye a kan gorar shanya da aka turo ta tagar kicin a hawa na 12. Maigida ya miƙa wa uwargida waya ya ce, "Zo ki gani." Hoton gida ne a gefen birnin Perth na Ostireliya: ɗaki huɗu, gareji mai cin mota biyu, tsakar gida shimfiɗe da ciyawa, har da bishiyar lemon tsami a jikin katanga. Kuɗin da aka sa masa bai yi nisa da abin da dillali ya ce za a taya fulat ɗinsu ba, fulat ɗin da faɗinsa bai wuce murabba'in mita 90 ba, mai maƙwabci a sama, maƙwabci a ƙasa. Daga irin wannan hirar ƙaurar 'yan Singafo da yawa take somawa, kuma daga nan kuskuren lissafi yake shigowa.

Ba yunwa ke korar mutanen nan ba. Ƙasarsu na cikin mafiya arziki a duniya, fasfonsu kuma kusan babu ƙofar da ba ya buɗewa. Duk da haka sama da mutum 200,000 daga cikinsu suna zaune a waje, kuma maganar ta daɗe tana sosa ran mahukunta. A jawabinsa na bikin ranar ƙasa na 2002, Firaminista Goh Chok Tong ya raba 'yan ƙasar gida biyu, masu tsayawa da masu arcewa in an ji wuya, maganar da har yau ake tuna masa. Sai dai in ka saurari dalilan masu tafiyar, abu uku za ka yi ta ji: matsin wuri, matsin aiki, da matsin karatun yara. Gida shi ne fuskar da ukun suke fitowa da ita.

Sai an san mene ne gida a Singafo kafin a gane abin da mai ƙaura yake bari. Ƙasar duka ba ta fi murabba'in kilomita 735 ba, wato kusan ɗaya bisa goma na yankin babban birnin tarayya Abuja, ga mutum wajen miliyan 6 a cunkushe. A 1960 aka kafa hukumar gidaje ta HDB, kuma a yau kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna ƙasar a benayenta suke. Mafi yawansu ba 'yan haya ba ne, saya suka yi. Amma sayen na da wa'adi: shekara 99, daga nan fulat ya koma hannun gwamnati. Wanda ya san takardar mallakar fili ta C of O a Najeriya ya san wannan adadi, bambancin kawai shi ne a Singafo an fito fili an ce in wa'adi ya cika ba sabuntawa. A 2017 Lawrence Wong, wanda yanzu shi ne Firaminista, lokacin yana ministan raya ƙasa, ya ja kunnen masu zuba maƙudan kuɗi a tsofaffin fulat da tunanin gwamnati za ta rushe ta biya su diyya. Ya ce kashi 4 cikin 100 kacal na gidajen ne suka taɓa samun wannan gatan. Gargaɗin ya girgiza mutane, don an shekara da shekaru ana gaya musu cewa fulat dukiya ce da kullum daraja take ƙarawa.

Sa'an nan ga yadda ake biyan kuɗin gidan, wanda shi ne zuciyar maganar. Akwai asusun ajiya na dole da ake kira CPF. Ma'aikacin da bai haura shekara 55 ba ana cire kashi 20 na albashinsa a zuba masa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 17. Tun 1968 aka ba da damar biyan kuɗin fulat daga wannan asusu. Matashi ɗan ƙasa da shekara 35, kashi 23 na albashinsa ke faɗawa ɓangaren da ake iya biyan gida da shi, kuma in bashin HDB ya ci, kuɗin ruwansa kashi 2.6 ne, ya shekara da shekaru bai motsa ba. Saboda haka ma'aurata da yawa suna biyan bashin gida wata-wata ba tare da sun taɓa ko sisi daga abin da ya shigo aljihunsu ba. Wanda ya tashi a haka ba ya jin nauyin gida a jikinsa, lambar da ke kan takarda kawai yake gani.

Lambar kuwa tana tsorata mutum. A 2024 fulat sama da 1,000 na HDB aka sake sayarwa a kan dalar Singafo miliyan ɗaya ko fiye, gidajen da asalinsu don talaka aka gina. Gida mai zaman kansa a kan ƙasa, mai ƙofa da katanga, kusan iyali 5 cikin 100 ne suke da shi. Mota ma sai ka sayi takardar izinin mallaka ta COE, mai aiki shekara 10 kawai, wadda a Oktoban 2023 kuɗinta na manyan motoci ya kai dala 150,000, ba a ma zo kan kuɗin motar ba. Mutumin da ke samun albashi mai kyau amma ya san har ya mutu ba zai taka ciyawar tsakar gidansa ba, in ya ga hoton Perth dole ransa ya biya. Ban ga laifinsa ba. Perth tafiyar awa 5 ce a jirgi, agogonsu ɗaya da na Singafo, kuma 'yan uwansu sun taru a can har ana yi wa garin ba'a da suna Singaperth.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mamakin farko yana zuwa ranar da aka sayar da fulat. Duk kuɗin da ka ciro daga CPF ka biya gida, sai ka mayar da shi asusun, haɗe da ruwan kashi 2.5 a shekara da ya kamata ya haifa da ka bar shi a ciki. A ɗauki misali: an sayar da fulat dala 600,000, akwai sauran bashi 200,000, an kuma ci 200,000 daga CPF shekara 10 da suka wuce. Wannan 200,000 ɗin ya zama kusan 256,000. Abin da zai shigo hannu bai kai 150,000 ba. Sauran kuɗin naka ne, ba wanda ya ƙwace, amma yana kulle, kuma ba a sayen gida a ƙasar waje da kuɗin CPF. Hanyar kwashe shi gaba ɗaya kafin tsufa ita ce ka ajiye zama ɗan ƙasa. Za mu zo kan abin da wannan ke jawowa.

A can Perth kuma, kafin a tambayi nawa kake da shi sai an tambayi wace takarda kake riƙe da ita. Mai izinin zama na dindindin yana sayen gida kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shigo da bizar aiki ko ta karatu baƙo ne a idon doka: jihar Yammacin Ostireliya tana ɗora masa ƙarin harajin kashi 7 a kan kuɗin gida, kuma daga 1 ga Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta hana baƙi sayen gidajen da aka riga aka zauna a ciki na tsawon shekara biyu. Kanada ma ta kafa irin wannan takunkumi tun Janairun 2023. Ƙasashen da 'yan Singafo ke hange suna fama da tasu matsalar gidajen, kuma 'yan siyasarsu sun gano cewa baƙo ne mafi sauƙin ɗora wa laifi. Haya ma ba sauƙi. A 2023 da 2024 gidajen hayan da babu kowa a ciki a Perth ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, mutane na yin layi a ƙofar gida don a buɗe musu su duba na 'yan mintoci, kowa da takardunsa a hannu. Sabon zuwa da ba shi da shaidar tsohon maigidan haya a ƙasar, shi ne a ƙarshen layi. Kuɗin hayan kuma na mako-mako ake faɗa, abin da kan ruɗi wanda ya saba da lissafin wata.

Kuɗin ruwa shi ne mamaki na biyu. Daga Mayun 2022 zuwa Nuwamban 2023 babban bankin Ostireliya ya ɗaga nasa daga kashi 0.1 zuwa 4.35, bashin gida ya koma wajen kashi 6, kuma galibin masu bashi a can ruwansu yana hawa da sauka ne tare da kasuwa. Bashin 500,000 a kan kashi 2.6 ruwansa 13,000 ne a shekara. A kan kashi 6 ya zama 30,000. Gida ɗaya, farashi ɗaya, amma nauyin da ke kan wuya ya ninka har da ɗoriya.

Wurin da na fi ganin ana tafka kuskure shi ne albashi. Mai samun dala 80,000 a shekara a Singafo harajinsa ba ya wuce 3,350, sau da yawa ma ƙasa da haka bayan rangwame. Mai samun 80,000 na dalar Ostireliya, bisa jadawalin 2024 zuwa 2025, yana biyan kusan 14,800, ga ƙarin kashi 2 na kiwon lafiya. (Dalolin biyu ba ɗaya ba ne, ta Singafo ta ɗan fi ƙarfi a 'yan shekarun nan, amma misalin ya isa a ga tsarin.) In ka cire wa na Singafo kashi 20 na CPF, abin da su biyun za su kai gida ya kusa zama ɗaya, shi ya sa mutum kan duba ya ce ai babu bambanci. Akwai. Na Singafo an riga an biya masa gida daga abin da aka cire. Na Perth yanzu ne zai fara ciro kuɗin gida daga abin da ya rage. Ostireliya ma tana da asusun fansho da masu ɗaukar aiki ke zuba wa kashi 12, amma ba a taɓa shi don biyan bashin gida. Harajin da ya biya kuwa bai tafi a banza ba, shi ke riƙe da asibitin gwamnati da tallafin marasa aiki, sai dai ba ya rage ko bulo ɗaya daga bashin gidansa.

Duk wannan kuɗi ne, ana iya buga shi a kwamfuta. Abin da ba ya shiga kwamfuta shi ne yadda fulat ɗin Singafo yake a tsakiyar wata saƙa da ke ɗauke wa mutum wahalar yau da kullum. Sauko daga bene, cikin 'yan mintoci kana rumfar abinci. Akwai irin waɗannan cibiyoyi sama da 100, inda farantin shinkafa da kaza ko kwanon taliya ke kamawa dala 4 zuwa 6, mutum ya ajiye ƙullin tishu a kan tebur alamar ya kama wuri, ya tafi layi, ba wanda zai zauna masa. A 2020 UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya. Gidaje da yawa tukunya ba ta hawa murhu sai ƙarshen mako. A Perth irin wannan farantin ya ninka uku ko fiye, saboda mai dafawa da mai wanke kwano albashin kirki ake biyansu: a Yulin 2025 mafi ƙarancin lada ya kusa dalar Ostireliya 25 a awa. Don haka sai a koma kicin, kullum, safe da dare. Ranar Asabar da Lahadi manyan kantuna ƙarfe 5 na yamma suke rufewa, wanda ya saba da garin da ba ya barci sai ya koyi cefanen mako guda.

Haka batun 'yar aiki. Mata sama da 250,000, yawancinsu daga Indunusiya da Filifin da Myanmar, suna aikatau a gidajen Singafo, kusan gida ɗaya cikin biyar. Su ke raino, su ke jinyar tsofaffi, su suka sa miji da mata ke iya fita aiki tun safe har dare. (Gaskiya ɗaya da ba a cika faɗa ba: wani ɓangare na jin daɗin Singafo a kan arhar gumin waɗannan matan yake tsaye, kuma sai a 2013 doka ta ba su hutun kwana ɗaya a mako.) A Ostireliya mai matsakaicin albashi ba ya ko mafarkin 'yar aiki mai kwana. Gidan da ya haura murabba'in mita 200 kai za ka share shi. Ciyawar da ta yi kyau a hoto, duk sati biyu sai ka tura mata inji a rana. Indararo ya toshe da ganye, kai za ka hau tsani. Famfo ya fashe, mai gyara zai caje ka tun daga kuɗin zuwa, ga harajin ƙaramar hukuma da inshorar gida da kuɗin ruwa na jiran ka. A benen HDB ɗan kuɗin wata kake biya, hukumar unguwa ta ji da lif da fenti da shara. Mota kuwa ta yi arha ƙwarai a Perth, amma daga abin marmari ta koma abin dole, kuma biyu ake buƙata, don garin ya miƙe a bakin teku kusan kilomita 150, alhali Singafo daga gabas zuwa yamma kilomita 50 ce, jirgin ƙasa da bas na kai ka ko'ina.

Kada a ɗauka ina cewa tafiyar asara ce. Abin da ake samu a can na gaske ne, kawai dai ba arhar gida ba ne. Makon aiki a Ostireliya awa 38 ne, hutun shekara sati huɗu. A Singafo dokar ƙwadago ta tsaya a awa 44, hutun da ta wajabta kuma daga kwana 7 yake farawa ya tsaya a 14. Uban da bai taɓa ganin 'ya'yansa da hasken rana a ranar aiki ba sai ga shi yana ɗauko su daga makaranta. Yaro kuma ya tsira daga PSLE, jarabawar da ake yi a shekara 12 wadda ke yanke irin sakandaren da zai shiga, wadda saboda ita iyaye ke zuba kuɗi a lesin, wasu uwaye har hutun aiki suke ɗauka. Wanda ya tafi don waɗannan, ya kuma yarda zai riƙe tsintsiya da ludayi da kansa, yakan zauna lafiya. Wanda ya tafi don ya ga gida da arha shi ne ke dawowa bayan shekara uku yana ƙorafin kaɗaici da tsadar mai gyaran famfo.

Ga Musulmin Singafo, waɗanda galibinsu Malay ne, akwai wani ma'aunin daban. A gida akwai masallatai wajen 70, da hukumar MUIS mai ba da shaidar halal har ga manyan gidajen abinci, ga filin da ake bari a ƙasan kowane bene inda ake shagalin bikin aure, a yi girki a manyan tukwane, duk unguwa ta shaida, gobe kuma maƙwabta 'yan asalin Sin su yi zaman makoki a wuri ɗaya. A Perth akwai masallatai da mahauta na halal, amma sai an shiga mota, kuma unguwar da gida ya fi arha ba lallai ita ce kusa da su ba.

Sai iyaye. Tsarin Singafo da gangan yake ɗaure 'ya'ya kusa da tsofaffinsu: wanda ya sayi fulat cikin kilomita 4 daga gidan iyayensa ana ba shi tallafin da ya kai dala 20,000, akwai kuma dokar 1995 da ta ba tsoho damar kai ɗansa ƙara in ya ƙi ciyar da shi. Kakar da ke riƙe jikoki kyauta ba ta shiga akwati, kuma ranar da ta faɗi a banɗaki, awa 5 ɗin nan na jirgi sai ta zama tafiya mai nisa.

Mai ɗa namiji yana da ƙarin ƙulli. Duk ɗan ƙasa namiji sai ya yi aikin soja na shekara biyu. Daga shekara 13 yaro na buƙatar izinin fita in zai daɗe a waje, in kuma zaman zai kai shekara biyu, iyaye su ajiye jinginar dala 75,000 ko rabin abin da suke samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. Wanda ya ƙi dawowa yana fuskantar ɗaurin da ya kai shekara uku. Masu bin ƙwallo za su tuna Ben Davis, wanda ya sa hannu da Fulham a 2018, ma'aikatar tsaro ta ƙi ɗaga masa ƙafa, a 2019 aka ayyana shi cikin masu gudun aikin soja, daga baya ya koma buga wa Thailand.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa, amma a Singafo karin maganar nan a rubuce take cikin doka. Ƙasar ba ta yarda babba ya riƙe fasfo biyu ba. Ka karɓi na Ostireliya, sai ka ajiye jan fasfon Singafo. Za a sakar maka kuɗin CPF, amma sai ka rabu da fulat, kuma in ka dawo kana son sayen gida, baƙo ne kai: ba ka da hurumin HDB, gidan 'yan kasuwa kuma harajin kashi 60 ne a kansa tun Afrilun 2023. Ko wanda bai ajiye fasfo ba, in ya mallaki gida a waje, sai ya sayar ya jira wata 30 kafin ya nemi sabon fulat mai tallafi, farashi kuwa ba jiransa zai yi ba.

Shi ya sa masu wayo ba sa sakin reshe su kama ganye. Sukan cika shekara biyar ɗin da doka ta ce sai an zauna a fulat kafin a sayar ko a ba da haya, su nemi izinin HDB su zuba 'yan haya, su tafi da izinin zama na dindindin, jan fasfo na aljihu, su yi shekara ɗaya ko biyu suna haya a can kafin su sayi komai. Hanyar ma ba kyauta ba ce, domin Ostireliya na karɓar haraji a kan kuɗin hayan da ke shigo musu daga Singafo. Kuma gwamnati ta fara toshe ta: sababbin fulat na unguwanni masu tsada, da aka fara sayarwa ƙarƙashin sabon tsari a Oktoban 2024, sai an zauna shekara 10, kuma ba a ba da su haya gaba ɗaya har abada.

Wasu kuma sun gano cewa ba sai an hau jirgi ba. Gadar da ta haɗa Woodlands da Johor Bahru ta Maleshiya kilomita ɗaya ce da 'yan kai, dalar Singafo ɗaya kuma ta fi ringgit uku. Sai mutum ya ba da fulat ɗinsa haya, ya kama gida mai gareji da tsakar gida a Johor, ya ci gaba da karɓar albashin Singafo, CPF na shiga, tsohuwa na nan kusa. Kuɗin da yake biya shi ne barci: tashi tun kafin asuba, a bi sahun dubban ɗaruruwan da ke tsallaka gadar kullum, wani lokaci awa biyu a layin shige da fice. Jirgin ƙasan da ake ginawa tsakanin Bukit Chagar da ke Johor Bahru da Woodlands North da ke Singafo, wanda aka tsara zai fara aiki a ƙarshen 2026, tuni ya sa kuɗin gidajen da ke kusa da tashar Johor ya soma hawa.